Yadda mai shayarwa za ta haɗa jami'a da goyo ba tare da nono ya ƙafe ba

Duk wanda ya saba wucewa ta gefen manyan ɗakunan lacca a jami'o'inmu ya san wannan: tsohuwa ko yarinya 'yar raino zaune a kan tabarma a gindin darbejiya, jariri yana tsala kuka, ana jijjiga shi ana leƙen ƙofa. Uwar kuma tana ciki a layin baya, gaban hijabinta ya fara jiƙewa, ta danne ƙirji da littafi, idonta na kan agogo. Bayan wata guda sai a ji ta ce nononta ya ragu, yaro ba ya ƙoshi, an sayo madarar gwangwani. A gida a ce rashin cin abinci ne, ko kuma dama ita ba mai ruwan nono ba ce.

Mafi yawan lokuta ba haka abin yake ba. Nono yana samuwa ne gwargwadon yadda ake fitar da shi. Idan aka bar mama a cike na awa shida ko bakwai, jiki yakan ɗauka an daina buƙata, sai ya rage abin da yake samarwa. A maimaita haka kwana biyar a mako, cikin 'yan makonni ragin ya bayyana. Saboda haka duk wani tallafi ga ɗaliba ko ma'aikaciya mai shayarwa yana komawa ga abu biyu: ta samu minti ashirin zuwa talatin duk bayan kamar awa uku, ta kuma samu wurin da za ta shayar ko ta tatsa a cikin sutura. Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF sun ba da shawarar nono zalla na wata 6, babu ko ruwa, sannan a ci gaba da shayarwa tare da abinci har shekara 2 ko fiye, wanda ya dace da shekara biyu cikakku da aya ta 233 ta Suratul Baƙara ta ambata. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 29 cikin ɗari ne kawai na jariran Najeriya 'yan ƙasa da wata shida ke samun nono zalla, kuma komawa makaranta ko aiki na cikin wuraren da igiyar ke tsinkewa.

Shirin da ake yi tun kina gida

Tun ran gini ran zane. Kada ki bari sai daren da za ki koma sannan ki fara koyon tatsa. Ki fara mako biyu zuwa uku kafin ranar, sau ɗaya a yini, da safe bayan yaro ya sha, don a lokacin ne nono ya fi yawa. A kwanakin farko abin da za ki samu ba zai wuce cokali ɗaya ko biyu na cin abinci ba, wato mililita 15 zuwa 30. Wannan ba alamar ƙarancin nono ba ce, saura ne bayan yaro ya ƙoshi, hannunki kuma bai saba ba tukuna.

Tatsa da hannu ita ce abin da ya kamata kowace mai shayarwa ta iya, ko da tana da na'ura, domin hannu ba ya jiran a kawo wuta. Ki wanke hannu da sabulu. Ki ɗan gasa maman da tsumma mai ɗumi, ki shafa shi a hankali daga wajen hammata zuwa kan nono. Ki ɗora babban yatsa a sama, manuniya a ƙasa, kamar santimita 2 zuwa 3 bayan kan nono, kusa da inda baƙin da'irar ya ƙare. Ki tura yatsun baya zuwa ƙirji, ki matse su, ki saki, ki sake, a jere kamar yadda jariri ke tsotsa. Kada yatsun su riƙa zamewa a kan fata, kada kuma ki ja kan nonon kansa. Babu abin da hakan ke kawowa sai zafi da tsagewa. Da fari ɗigo za ki gani, bayan minti ɗaya ko biyu ya fara tsartuwa. Idan ya tsagaita ki juya yatsun zuwa wani gefe, bayan minti uku zuwa biyar ki koma ɗaya maman, ki yi ta musaya har minti 20 zuwa 30.

Mai amfani da na'urar tatsa ta duba mazurarin da ake ɗorawa a kan mama. Idan ya yi ƙanƙanta kan nono zai riƙa gogar gefensa har ya yi rauni, idan ya yi girma zai zuƙe baƙin da'irar ciki, nono kuma ya ƙi fita sosai. In kika ga na'urar ta daina ja kamar da, kafin ki zargi jikinki ki duba 'yar robar nan mai buɗewa da rufewa a ƙasan mazurarin, ita ce ke saurin saki ko yagewa. Duk ɓangaren da nono ya taɓa a wanke shi da sabulu bayan kowace tatsa, a tafasa shi minti 5 sau ɗaya a yini, a bar shi ya bushe da kansa a kan tsumma mai tsabta.

Nawa za a bari a gida? Jariri tsakanin wata 1 zuwa 6 yana shan kimanin mililita (ml) 750 a yini da dare, wani ya ɗara wani ya gaza. Lissafi mai sauƙi shi ne ml 30 zuwa 40 ga kowace awa da ba kya nan. Mai fita ƙarfe 7 ta dawo ƙarfe 4 tana buƙatar barin ml 270 zuwa 360, a rarraba a mazubi uku ko huɗu na ml 90 kowanne. Na ranar farko kawai kike buƙatar tarawa. Daga nan abin da kika tatsa ranar Litinin a makaranta shi za a sha ranar Talata.

A cikin makonnin nan ne kuma za a koya wa mai raino ba da nono da kofi, ke kuma ki fita daga ɗakin, don yaron da ke jin ƙanshin uwarsa ba zai yarda da kofi ba. A zaunar da shi a cinya kansa a sama, a ɗora bakin ƙaramin kofi a kan leɓensa na ƙasa, a karkata har nono ya taɓa leɓen, a bar shi ya riƙa kurɓa da kansa. Ba a ɗura. Mun fi son kofi a kan bulumboti saboda kofi yana wankuwa tas, ita kuwa robar bulumboti tana ɓoye datti a lungunanta, inda ruwa ke wahala kuma nan gudawa ke samun ƙofa. Sai kuma magana mai nauyi da za a yi da Hajiya ko Inna cikin ladabi, zai fi kyau mijin ne ya yi ta idan mahaifiyarsa ce: kada a ba yaro ruwa, ko zafi ya kai ina. Kusan kashi 88 cikin ɗari na nono ruwa ne. Ruwan da aka ba shi yana cike cikinsa ya rage shan nono, ragin shan kuma ya rage nonon.

Ajiya a ƙasar zafi da ɗauke wuta

Ƙa'idar da aka saba bayarwa ita ce: sabon tatsattsen nono yana kai awa 4 a ɗakin da zafinsa bai wuce digiri 25 ba, kwana 4 a firij mai sanyin digiri 4, wata 6 a firiza. Sai dai a Kano ko Sakkwato ko Yamai, a watan Afrilu zafi kan haura digiri 40, wannan awa huɗun ba ta shafe mu ba a lokacin bazara. Nonon da ba a sanyaya ba a ba da shi cikin awa ɗaya zuwa biyu. Tsoma mazubin a kwanon ruwan randa yana rage masa zafi, amma randa ba firij ba ce, kada a wuce awa huɗu da shi.

Abin da ya fi yi wa ɗaliba aiki shi ne ƙaramar kula mai riƙe sanyi, da ƙanƙara a cikinta. Ki daskarar da ruwa a robobi biyu ko uku tun dare, ko ki saya wajen masu ƙanƙara da safe, ki jera su su taɓa mazubin nonon, ki cike sauran wurin da tawul, kada ki riƙa buɗewa. A haka yana iya kai awa 24, muddin ƙanƙarar ba ta narke duka ba. Da isarki gida ki mayar da shi firij.

Mazubi ya zama kwalba mai murfi ko roba mai tauri ta abinci, an wanke an tafasa. Ban da ledar ƙulla kaya, ban da robar lemo da aka sha. Ki manna takarda ki rubuta suna da rana da lokaci. A firij a tura shi can ciki, ba a jikin ƙofa ba, inda sanyi ke hawa da sauka. Wanda za a daskarar a bar masa sarari kamar santimita 2 a sama, don yana kumbura. Sabo mai ɗumi ba a zuba shi kan wanda ya riga ya yi sanyi, sai shi ma ya huce a firij. Idan an ɗauke wuta, firij da ba a buɗe ba yana riƙe sanyi kamar awa 4, firiza cikakkiya kuma har kwana 2. Nonon da ya fara narkewa amma akwai sauran ƙanƙara a cikinsa ana iya mayar da shi. Wanda ya narke sarai a sha shi cikin awa 24 yana firij, ba a sake daskarar da shi.

Wajen ɗumamawa, a tsoma mazubin a kwanon ruwan ɗumi na 'yan mintoci, a ɗiga a bayan hannu a ji. Ba a ɗora shi a wuta, ba a tafasa shi, domin zafi na kashe abubuwan kariya da ke cikinsa. Mai raino za ta ga maiƙo ya taso sama, ƙasan ya yi tsararo har da ɗan shuɗi-shuɗi, ta ce ya lalace. Lafiyarsa ƙalau, a juya mazubin a hankali ya haɗe. Lalatacce tsami yake yi, hanci ma zai faɗa. Abin da yaro ya sha ya rage a kofi a zubar bayan awa 2, shi ya sa ake rarrabawa kaɗan-kaɗan.

Yadda yini zai tafi

Ki shayar da yaro sosai kafin ki fita, ko da sai an tashe shi. Ki tatsa wajen ƙarfe 10, ki sake lokacin Azahar, idan za ki wuce La'asar ki ƙara na uku. Da dawowarki, kafin girki, kafin komai, ki ba shi mama. Akwai masu cewa nonon da ya wuni a jiki cikin rana ya yi tsami, sai an tatse an zubar. Nono ba ya lalacewa a cikin mama. Ki wanke hannu kawai ki ba shi. Ki kuma roƙi mai raino kada ta cika masa ciki a awar ƙarshe kafin ki iso.

Da dare zai ƙara yawan tsotso, yana rama abin da ya rasa da rana. Akwai gajiya a ciki, amma shi ke riƙe miki nono, don sinadarin da ke sa jiki samar da shi ya fi yawa da dare. Asabar da Lahadi a ajiye kofi, a koma mama kai tsaye.

Wani lokaci za ki zauna tatsa a makaranta nono ya ƙi zuwa, alhali maman a cike yake. Fargaba ce da sauri: tsoron a turo ƙofa, ko tunanin malami ya riga ya shiga aji. Ki jingina baya, ki sha ruwa, ki kalli hoton yaron ko bidiyonsa a waya, wasu ma sukan zo da 'yar rigarsa a jaka su shinshina. Idan kuma a tsakiyar lacca kika ji ya zubo, ki harɗe hannuwa ki danne kan nonon na minti ɗaya, zai tsaya. Tsumma mai laushi a cikin rigar mama yana tsare tufafi, amma a canza shi da ya jiƙe.

Wadda ke iya zuwa da yaro da mai raino ta huta da rabin wannan ɗawainiya, sai dai ta yi lissafin nisa. Ɗalibar Jami'ar Bayero da ke da darasi a tsohuwar jami'a da safe, da rana kuma a sabuwa ta kan titin Gwarzo, ko ta Ahmadu Bello mai zirga-zirga tsakanin Samaru da Kongo ko asibitin Shika, ba za ta dogara da cewa yaro na kusa ba, ita ma ta riƙe kula a jaka. Masu shiga ɗakin gwaje-gwaje ko ɗakin marasa lafiya kada su shiga da yaro, su cire farar rigar aiki su wanke hannu har gwiwar hannu kafin su taɓa shi, kuma kada a taɓa ajiye nono a firij ɗin da ake sa sinadarai ko samfurin jini.

Abinci ba sai na musamman ba, ƙari ne a kan na kullum: kunun gyaɗa, wake, ƙwai, zogale, fura da nono, da gorar ruwa a jaka. Mai shiga lacca da ruwan shayi kawai tun safe har yamma ita za ta fara galabaita kafin nonon ya nuna. Idan azumi ya zo yaro bai kai wata shida ba, ga kuma zafi da jarrabawa, shari'a ta yi wa mai shayarwa rangwame idan ta ji wa ɗanta tsoro. Ki tambayi malami yadda ramuwa da ciyarwa suke.

Idan abu ya fara ɓaci

Tsallake tatsa sau ɗaya ko biyu kan sa mama ya yi tauri ya ɗau zafi. Daga nan sai wani gefe ya yi ƙululu mai ciwo. Ki ci gaba da shayarwa ta wannan gefen kamar yadda aka saba, ki sa tsumma mai sanyi bayan an sha, ki sassauta rigar mama, ki daina rataya jaka mai nauyi ta kan wurin. Kada a murje shi da ƙarfi, murza na ƙara kumburi. Idan zazzaɓi ya shigo, da rawar sanyi da ciwon jiki, wurin ya yi ja ko ya yi sheƙi, kuma awa 24 ta wuce babu sauƙi, ki je asibitin jami'a a ranar, kada ki ɗauka maleriya ce ki tsaya a kemis. Ba a daina shayarwa saboda wannan. Dainawar ce ke kai shi ga tara ruwa har sai an tsaga.

Ma'aunin ƙoshin yaro ba kukansa ba ne, ba kuma yawan abin da kika tatsa ba. Fitsari ne sau 6 ko fiye a yini da dare, mai haske, da nauyin da ke hawa a katin awo ranar rigakafi. Idan nono ya ragu da gaske, ki ƙara tatsa ɗaya a yini, ki yi kwana biyu ko uku kina ba shi duk lokacin da ya nema, galibi yana dawowa cikin mako. A kula da kwanika kuma: kariyar da shayarwa ke bayarwa daga ɗaukar ciki tana raunana da zarar uwa ta fara yin awanni ba ta tare da yaro. Ki je sashen tazarar haihuwa ki faɗa musu kina shayarwa, domin ƙwayoyi masu sinadarin estrojin suna iya rage nono, akwai kuma waɗanda ba sa taɓa shi.

Haƙƙi a rubuce, da abin da jami'a za ta iya yi

Ma'aikaciya tana da madogara. Sashe na 54 na Dokar Ƙwadago ta Najeriya, wadda ta fi shafar ƙananan ma'aikata irin masu shara da ke ƙarƙashin 'yan kwangila, ya ba da hutun haihuwa na mako 12, da rabin awa sau biyu a yini don shayarwa. Dokokin aikin gwamnatin tarayya sun ba da hutun da bai gaza mako 16 ba, da awa 2 kullum don shayarwa har wata shida bayan dawowa aiki. Jihar Kaduna ta mayar da na ma'aikatanta wata 6 a 2019. A Nijar hutun mako 14 ne, da awa ɗaya a yini don shayarwa. Kowace jami'a tana da kundin sharuɗɗan aikinta, ki nemi kwafi a ofishin rajistara ki karanta da idonki. Shawararmu game da awa biyun nan: kada a tattara su duka a tashi da wuri. Wadda ta zauna daga 8 zuwa 2 ba ta tatsa ba ta riga ta yi awa shida. A cire rabin awa a tsakiyar safiya.

Ɗaliba ce ba ta da dokar da ta tsaya mata, ga kuma sharaɗin halartar kashi 75 cikin ɗari na lacca kafin a zauna jarrabawa a yawancin jami'o'i. Don haka ta rubuta takarda tun makon farko na zango zuwa ga shugaban sashe ta hannun kodinetan ajinsu, ta ajiye kwafin da aka sa wa hannu. Ta faɗi abin da take nema dalla-dalla: izinin fita na minti 25 a duk laccar da ta wuce awa biyu, kujera kusa da ƙofa, da hutun shayarwa a jarrabawa mai awa uku. Alkawarin baki yana bin mai shi idan aka canza shugaban sashe. Wadda haihuwarta ta faɗo daf da jarrabawa ta nemi jingine zangon a hukumance kafin jarrabawar, ba bayanta ba, don rashin zuwa ba da izini ba faɗuwa ake rubuta shi.

Ku kuma shugabannin tsangayu da sassa, abin da ake nema a wurinku bai kai kuɗin fentin ofis ɗaya ba. Ɗaki mai kamar mita 2 da rabi a kowane gefe, ƙofa mai sakata ta ciki, labule, kujera mai majingina, tabarma, ƙaramin tebur, soket, fanka, bokiti mai famfo da sabulu. Ya kasance cikin tafiyar minti biyar daga azuzuwa, makullin kuma a hannun mace da ke zaune a ginin, ba a aljihun wanda ya tafi taro ba. Banɗaki ba wurin tatsa ba ne, abincin jariri ake haɗawa. Kafin a samu ɗakin, a kewaye lungu ɗaya da labule a ɓangaren mata na masallaci ko ɗakin hutun malamai mata. A jarrabawa a sa mace cikin masu sa ido ta raka uwar, a tsayar mata da agogo, a mayar mata da mintocinta a ƙarshe. Inda akwai gidan raino a harabar jami'a, mai raino ɗaya kada ta wuce jarirai uku, a riƙa kwantar da su rigingine, a buɗe shi kafin laccar ƙarfe 8, a kuma karɓi 'ya'yan ɗalibai da na masu shara, ba na malamai kaɗai ba.

Idan an sa firij na tarayya, to a sa masa doka mai tsauri: babu mazubin da zai shiga sai da sunan uwa da na yaro da kwanan wata, kowace uwa da robarta mai murfi da take jera nata a ciki, kuma mai raino ta karanta sunan a bayyane kafin ta zuba a kofi. Musayar nono tana iya ɗaukar cuta daga wata uwa zuwa ɗan wata, sannan a mazhabar Malikiyya nonon da ya isa cikin yaro a shekara biyun farko, ko kurɓi ɗaya ne, yana ƙulla 'yan'uwantakar shayarwa mai haramta aure. In kuskuren ya auku, a sanar da iyayen biyu a ranar, a kai maganar asibiti, a kuma rubuta sunayen yaran da kwanan wata a ba kowane gida kwafi.